HAƘƘIN HAYA DA NA IYALI A KAN MAI TAFIYA AIKI ƘASAR WAJE

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da za mu tattauna a kansa al'amari ne da ya daɗe tare da mu a nan Samaru da Sabon Gari. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP darajar naira ta faɗi, malaman Jami'ar Ahmadu Bello da likitocin asibitin koyarwarta suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya, wasu kuma Ingila da Amurka. Har yau ba a daina ba. Fita neman halal ba laifi ba ne. Abin da muke jan hankali a kansa shi ne haƙƙoƙin da matafiyi yake bari a bayansa, wato kuɗin haya, da ciyar da iyali, da bashin da ya ci ya yi guzuri.

1. HAYA ALKAWARI CE

Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umurtar muminai su cika alkawura, haya kuwa tana cikinsu. A al'adarmu, wanda ya kama gida a Hayin Dogo ko Palladan, ko shago a kasuwar Sabon Gari, shekara ake yanka masa. Irin wannan haya mai ƙayyadadden lokaci ita malaman Malikiyya suke kira wajiba, kuma ɗaya daga cikin masu ƙulla ta ba shi da ikon warware ta shi kaɗai. Mai Risala ya bayyana cewa ko mutuwar ɗan haya ba ta rushe ta. To, in mutuwa ba ta rushe ta ba, ina ga samun biza?

Saboda haka hanya uku ce a gaban mai tafiya. Ko dai ya cika wa'adinsa, ko ya nemi mai gida su warware bisa yardar juna, ko kuma ya sanya wani a madadinsa da sanin mai gida. Amma abin da wasu suke yi, su danna kwaɗo a ɗaki da kayansu a ciki, wa'adi ya cika ba kuɗi ba labari, wannan zalunci ne. Sau da yawa mai gidan nan tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ko uwar marayu, wadda da kuɗin hayar take sayen masara ta biya kuɗin makaranta. Haka nan wanda yake zaune a gidan ma'aikata, gidan amana ce a hannunsa. Ya bi ƙa'idar wurin aikinsa, kada ya ba da shi haya a ɓoye.

2. A YI LISSAFI KAFIN A TASHI

Da yawa daga cikinmu, da zarar an ambaci albashi da riyal sai a juya shi zuwa naira, a fara gina bene a zuci. An manta cewa da riyal ɗin za a ci abinci a kama masauki. Wanda ma'aikatarsa ba ta ba shi gida ba a Saudiyya, galibi hayar shekara ko ta wata shida ake nema a dunƙule, a yi rajistarta a tsarin Ejar. A 2017 hukumar ƙasar ta sanya wa baƙi harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da suke ɗauke da nauyinsa, ya kai riyal 400 a 2020. Wannan ya sa da dama suka bar iyalinsu a gida. A Ingila kuwa wata-wata ake biya, ga kuɗin ajiya wanda dokar 2019 ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako biyar a mafi yawan gidaje.

Ma'ana, matafiyi zai wayi gari da haya biyu a kansa, alhali albashin farko bai shigo ba. Shawararmu ita ce, kada ya hau jirgi sai ya sabunta hayar iyalinsa, ya bar musu abincin watanni. In sai ya ci bashi, ya nisanci mai ruwa, kuma a rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta karantar. Rubutu tsakanin 'yan'uwa ba rashin yarda ba ne, bin umurni ne.

3. WAKILI DA CANJI

Ba a bar amana a hannun wanda ya fi kusanci, sai wanda ya fi riƙo. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (S.A.W.) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, sai ya dawo da akuya da dinari. Irin wannan wakili ake nema. A rubuta masa iyakar wakilcinsa, a riƙa karɓar rasit. Inda hali, a tura kuɗin haya kai tsaye asusun mai gida, kada a cuɗa su da na cefane da na biki.

Uwargida ma tana da haƙƙin sanin nawa ne hayar, yaushe take ƙarewa, kuma wa yake riƙe da kuɗin. Matsuguni yana cikin wajibin da ke kan miji, nisa ba ya sauke shi. Abin kunya ne a ce mutum yana ɗawafi a Makka, dillali kuwa yana buga wa matarsa ƙofa a Samaru.

Game da canji, sharaɗinsa shi ne karɓa da bayarwa a zama ɗaya. A yanke farashi, kuɗi su shiga hannu ko asusu kafin a rabu. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan ba hujja ba ce ga mai gida ya ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adi don ya ji ɗan haya yana karɓar riyal. Abin da aka ƙulla a kansa shi za a biya, ƙari sai an zo sabuntawa. Shi ma matafiyi kada ya riƙe haƙƙin mutane yana jiran riyal ya ƙara tashi, domin jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne.

KAMMALAWA

Ya 'yan'uwa, mu tuna an taɓa kawo wa Annabi (S.A.W.) gawar wani da ake bi bashi, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mai tafiya bai san ko zai dawo ba. Ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi, ya bar takardar a hannun amintacce kafin ya yi sallama.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinsa, ya tsare matafiyanmu, ya sanya albarka a nemansu, amin.