Jawabin Ƙarshen Shekarar Karatu ga Hakimai da Malaman Ofis na Tambuwal da Kebbe

Shekarar karatu tana ƙarewa cikin watan Yuli, watau daidai lokacin da ruwa ya zauna, kowane magidanci yana bukatar hannu a gona. Saboda haka wanda ya ke so ya san gaskiyar makaranta, to, yanzu ne lokacin da zai leƙa ta. Ranar da a ke rubuta sunaye a farkon shekara kowane aji cike ya ke.

Ba a musun cewa an ci gaba. A zamanin En'e dagaci ne ke bi gida gida yana neman yaran da za a kai elementare, iyaye kuwa suna ɓoye nasu. A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, a 2004 kuma doka ta mai da shekara tara na farko tilas, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya riƙe gwamnan Jihar Sakkwato daga 2015 zuwa 2023, ya kafa dokar ta-ɓaci kan ilmi, aka kuma ɗora Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar bisa kwamitin ba da shawara. An gina azuzuwa, an gyara waɗansu. Wannan duk aiki ne da ido ke gani.

Abin da ido ba ya gani sai an bincika shi ne yawan yaran da suka kai ƙarshen shekara suna zuwa. Rajista takan nuna suna, malami ya yi ta sa masa alama don kada a ce makarantarsa ta ragu, alhali yaron yana kiwo ko noma tun ruwan fari. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin da waɗannan alƙaluma ne a ke raba malamai da littattafai da kujeru. In an aika da ƙarya Sakkwato, sai rabon ya karkace, makarantar da ke da yara na gaskiya ta rasa malami.

Ƙasashen biyu kuwa ba halinsu ɗaya ba. Tambuwal tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, mai duba makarantu yana iya isa Dogon Daji ko Jabo ya komo a yini guda. Kebbe tana can ciki, iyaka da Jihohin Kebbi da Zamfara, garuruwa irin su Kuci da Ungushi da Margai suna nesa da juna, da damina hanya takan yi wuya. Ga kuma tsoron 'yan bindiga, musamman tun da aka sace ɗalibai a Birnin Yauri a 2021. Uban da ya hana 'yarsa tafiya mai nisa saboda tsoro ba maƙiyin ilmi ba ne, kada a haɗa shi da wanda ya hana don talla. Kowanne da irin maganar da ta kamace shi.

Batun 'yan mata ya fi bukatar lura, don yawanci tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare su ke ɓacewa. Daga 2014 UNICEF da Gwamnatin Jiha sun jarraba ba iyaye Naira 5,000 kan kowace yarinya bayan wata uku uku, Kebbe tana cikin wuraren da aka yi, an kuwa ga 'yan mata sun ƙaru a aji. Watau talauci ne ke riƙe da yawansu. Mai cewa karatun mata baƙon abu ne a ƙasar nan sai a tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta riƙa aika jajinta ƙauyuka suna karantar da mata.

Abin da a ke roƙo kafin a tashi hutu kaɗan ne. Kowane hakimi ya sa malaminsa ya zauna da hedimasta, su ɗauki rajistar farkon shekara, su gwada ta da yaran da ke zaune a aji, kai da kai. Wanda ba ya nan a rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsu da dalili, a miƙa wa dagaci da mai unguwa, a kai kwafi ɗaya ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. Waɗanda suka gama aji shida kuma a keɓe musu takarda dabam, don in an komo hutu a bi ta, a ga ko kowannensu ya shiga aji ɗaya na sakandare.