Furojet Ɗin Ɗalibin Jinya: Ina Ake Samo Tambaya?

 

An nemi in yi magana kan yadda ɗalibin jinya zai zaɓi abin da zai yi furojet a kai. Kowace shekara kanun da ake kawo wa malamai kusan iri ɗaya ne: me mata suka sani game da awon ciki, me iyaye suke cewa kan rigakafi. A raba takardun tambayoyi, a haɗa alƙaluma, a ɗaure, a jibge a laburare. Wasu ma shagon kwamfuta suke zuwa a sauya musu sunan gari a aikin wani. Abin yana ci mini rai, domin babu wanda ya kai ku ɗaliban jinya ganin abin da ke faruwa a asibiti. Likita ya yi zagayen safe ya wuce, ke ce kike kwana da majinyaciya.

A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura masu jego suna yawan zuwa da haki da kumburin ƙafa, alamar zuciya ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka tarar da wankan jego da ruwa mai zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa mai yawa, wadda gishirinta ke tara ruwa a jiki. Har yau masana ciwon zuciya suna ambaton wannan aiki, alhali likitocin biyu daga gadajen da suke wucewa kullum suka ɗauko shi. Haka a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978: kwalaben ajiye bakwaini suka yi ƙaranci, Dakta Edgar Rey ya ce a ɗaura jariri a ƙirjin uwa, fata da fata. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan hanya. To, a ɗakin jarirai da aka tura ki, awa nawa uwa take riƙe jaririnta a haka? Me ke sa ta kwance, zafi ne, ko kunya, ko maganar uwar miji? Wannan furojet ne cikakke.

Sai dai ku rage faɗin tambaya. Mutuwar mata wajen haihuwa a Arewa ta fi ƙarfin ɗalibi mai 'yan watanni da kuɗin aljihunsa. Amma zai iya ƙirga minti nawa ake ɗauka daga isowar mai jijjiga zuwa yi mata allurar magnesium sulphate, a asibiti ɗaya, cikin wata uku. Kafin ka kai wa malaminka kan furojet ɗinka, leƙa ɗakin kati. In ba a rubuta lokacin isowa da na allura, ka nemi wata tambayar tun da wuri.

Saura batun izini, kuma a nan ba na sassauci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, aka daɗe ana shari'a kan ko iyaye sun san gwaji ake yi. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi. Saboda haka komai ƙanƙantar aikinki, ki kai shi gaban kwamitin ɗa'ar bincike. Ki karanta wa mace takardar amincewa da harshen da take ji, ki gaya mata in ta ƙi ba za a rage mata kulawa ba, kuma kada sunanta ya fito a ko'ina cikin littafin.