Kalmomin Wasa da Nishaɗi: Jawabi ga Hakimai da Malamansu



Maganar yau a kan kalmomin wasa da nishaɗi ta ke. Ana iya ɗaukarta ƙaramar magana, amma tun daga kaka har faɗuwar damina takardu da dama kan zo gaban hakimi a kan irin wannan sha'ani: neman izinin taro, ko ƙarar maƙwabci, ko labarin faɗa a dandali. In malami ya rubuta "wasa" ga kowane abu, hakimi ba zai san irin taron da ya yarda a yi ba, balle irin tsaron da ya kamata.

Ita kalmar "wasa" fuskokinta da yawa. Akwai na yara, kamar langa, da tashe da a kan fara bayan goma ga watan azumi. In kuwa aka ce dagaci yana wasa da aikinsa, sakaci a ke nufi, zargi ne mai nauyi. Sa'an nan akwai wasan da ke tsakanin jika da kaka, da taubasai, da Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa. Abokin wasa ya kan faɗi maganar da in bare ya faɗe ta sai a kai ga alƙali. Saboda haka in an kawo ƙarar zagi, malami ya fara tambaya ko akwai wasa tsakanin mutanen biyu, ya kuma rubuta amsar.

Wasannin ƙarfi kowanne da sunansa da mutanensa. Dambe asalinsa na mahauta ne, a naɗe hannu guda a yi naushi da shi. Kokawa kuwa kayarwa ce, ba duka, kuma a Jamhuriyar Nijar tun 1975 aka fara gasarta ta ƙasa, mai nasara ya karɓi takobi. Shaɗi na samarin Fulani ne, da bulala a ke yinsa. Farauta ta rani ta kan haɗa ƙauyuka da yawa da makamai a hannu, ita ce ta fi bukatar a sanar da hakiman maƙwabta tun da wuri. Taron kamun kifi shi ne "su", kamar na Argungu, wanda ya zama babban biki tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934.

Na zaune ma haka. Dara wasan dattijai ne a inuwa, rami 30, kowane mutum da 'ya'ya 12, ba abin kunya a cikinta. Amma da zarar an aza kuɗi, ko a dara ko a karta, sunan abin ya koma caca. Kada a kira mai dara ɗan caca sai da shaida, domin sunan ya kan bi mutum har gidan surukai.

Sai na baka. Hira da taɗi na kowa da kowa ne, tatsuniya ta dare ce, tsofaffi su yi wa yara. Amma in an ce saurayi ya je zance, neman aure ke nan. Malamin da ya rubuta "zance" inda hira kurum aka yi, ya jawo wa gidan mutane magana.

Hutu shi ne ajiye aiki, shaƙatawa da shan iska su ne abin da a kan yi a cikinsa, nishaɗi kuwa daɗin da zuciya ta samu. Fita bisa doki don jin daɗi kilisa ce, tsere kuwa sukuwa. "Yawo" kalma ce mai kaifi biyu: yawon buɗe ido abin yabo ne, amma a ce yarinya tana yawo ɓata suna ne. Abin da mutum ya lazimta don son ransa, ba don neman abinci ba, sha'awa a ke ce masa, kamar kiwon tattabarai, ko folo da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya shahara da shi. Wanda ke ci da abin, wannan sana'arsa ce, makaɗi da maroƙi ba masu sha'awa ba ne.

To, abin da a ke roƙo ga malamai shi ne su kira kowane wasa da sunansa, su rubuta wurin da ranar da wanda ya ɗauki nauyin taron, su kuma karanta wa mai magana abin da aka rubuta kafin a sa hannu. Magana zarar bunu ce, wadda ta shiga littafin hakimi kuwa ta fi wuyar komawa.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.