Ƙuri'a a Ƙofar Makarantar Sana'a

A Nuwamban 2024 masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka suka soke sharaɗin cin jarrabawar MCAS kafin a kammala sakandare. Yanzu gundumomin makarantu ke tantance ɗalibansu da darussan da suka ci.

Wannan batun kammalawa ne; inda gizo ke saƙar shi ne shiga makarantun koyon sana'a na jihar, domin masu nema sun fi gurabe yawa. A da maki ake dubawa, har da ganawa. Yaron da hannunsa ya saba da filaya da wayar lantarki, amma lissafi ya kayar da shi, sai a bar shi a ƙofa. A 2025 hukumar ilimin jihar ta koma ƙuri'ar sa'a. Da dama-dama. Sai dai ƙuri'a ba ta ƙara gurbi ko ɗaya. Hukumomi, a ƙara azuzuwa da malamai.