Kula da Kwamfuta da Tsare Amanar da Ke Cikinta



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin an ɗora wa tsofaffin malaman alli nauyin yin magana a kan kwamfuta. Mu a kwalejin horar da malamai ba mu ga wannan na'ura ba ko a hoto. Amma an koya mana abu guda wanda bai tsufa ba, wato riƙon rajista. Kowane hedimasta ya san cewa rajistar ɗaukar yara da littafin tarihin makaranta amana ce. A kabad ake kulle su, makulli na aljihunsa, ana kuma duba su saboda gara da yoyon damina. To, kwamfuta da wayar hannu su ne kabad ɗin yau. A ciki sakatarenmu ke ajiye sunayen membobi, ma'aji ke ajiye lissafin gudummawa, ku kuma kuke aika wa iyaye kuɗin cefane da na taki. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, saboda haka ko ɗan manomin da bai taɓa wuce Ƙauran Namoda ba, sai ya zauna a gabanta kafin ya shiga jami'a.

Za mu fara da lafiyar na'urar. Maƙiyanta a ƙasarmu uku ne: ƙura, zafi da wutar lantarki marar tabbas. Ƙurar hunturu takan toshe kafofin da fankar cikinta ke fitar da zafi, sai ka ji tana gurnani, tana nauyi, ko ta mutu da kanta ana cikin aiki. Maganin wannan shi ne a lulluɓe ta da ƙyalle bayan an kashe ta, a riƙa share kafofin da busasshen buroshi, kuma kada a aza ta hannu a kan katifa ko darduma, domin iska ba za ta shiga ta ƙasa ba. Game da wuta, lokacin da aka fi yin asara shi ne sa'ad da aka kawo ta da ƙarfi bayan an ɗauke. Idan an ɗauke wuta a zare filogi. Idan za a tayar da janareta, a bari ya daidaita kafin a jona. Haka kuma idan hadari ya taso ana walƙiya.

Idan ta ƙi aiki, kada a yi gaggawar ɗaukarta zuwa wurin mai gyara. A duba ko waya ce ta saki, ko soket ne ya mutu. A kashe ta yadda ya kamata, a ɗan jira, a sake kunnawa. Wannan kaɗai yana warkar da matsaloli masu yawa, har da na firintar da ta ƙi buga takarda. Idan tana nauyi, a duba ko ma'ajiyarta ta cika da hotuna da finafinai. Idan ta nuna wani saƙo a allo, a ɗauki hotonsa da waya, domin mai gyara ya fi gane wannan fiye da a ce masa “kawai ta ƙi”. In kuwa dole sai an kai ta, a kwashe muhimman takardu tukuna.

Wannan ya kawo mu ga darasin da muka koya da tsada. Bayan mun yi ritaya, mun shafe watanni muna shigar da sunayen tsofaffin ɗalibanmu a wata kwamfuta da 'ya'yanmu suka kawo mana. Wata safiya faifan ajiyarta ya mutu, aikin ya tafi baki ɗaya. Abin da ya cece mu shi ne tsofaffin littattafan da muka kwafo daga ciki suna nan. Manomin kirki ba ya zuba iri da abinci a rumbu ɗaya. Duk takardar da rasa ta za ta sa ka kuka, a same ta a wuri uku: cikin kwamfuta, cikin filashi da aka ajiye a wani gida dabam, da kuma ma'ajiyar intanet irin ta Google Drive. Kada kuma a dogara da intanet ita kaɗai. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Wanda takardarsa take a intanet kawai, a lokacin daidai yake da wanda ba shi da ita.

Sai batun ƙwayoyin cutar kwamfuta. Hanyar da suka fi bi a wurinmu ita ce filashin da ke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis, daga ofis zuwa gida, sai kuma manhajar sata da ake sauke wa mutum a kasuwa. A riƙa bincikar kowane filashi kafin a buɗe shi, kuma kada a hana na'ura sabunta kanta don tsimin data. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da maganin wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu sayen tsohuwar kwamfuta su lura: tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 da aka saba kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Amma ɓarawon da ya fi yi wa mutanenmu ɓarna ba ya fasa ƙofa, makulli yake roƙo. Zai kira ya ce daga banki yake, a ba shi lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da ita a 2014, ko lambar sirrin kati, ko lambar da aka turo ta saƙo yanzu-yanzu. Babu bankin da ke tambayar lambar sirri ta waya. Wani kuma zai ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, a karanto masa lambobi shida da suka shigo. Da ka karanta, WhatsApp ɗinka ya koma hannunsa, sai ya shiga rubuta wa danginka da sunanka. A halin da yankinmu yake ciki, daga Ƙaura zuwa Zurmi da Shinkafi, saƙon da ke cewa an ɗauke wane, a taimaka da gaggawa, ba ya barin zuciya ta yi tunani, kuma 'yan damfara sun san haka. Kafin a tura ko sisi, a kira mutumin a ji muryarsa, a kuma kira wani na gida a tabbatar. A kunna kariya ta biyu da ke cikin WhatsApp, a sa wa layin waya lambar sirri, kada kuma shekarar haihuwa ko 1234 ta zama makullin kowa. In waya ta ɓace, a sa banki ya rufe asusu a ranar, kafin a fara cigiya.

Roƙonmu ga ku mazauna birni shi ne, kada ku tsaya ga saya wa iyaye waya. Idan kun zo hutun salla, ku zauna da su ku nuna musu cewa ba a faɗa wa mai POS lambar sirri, da hannu ake danna ta. Muna kuma ba shugabanni shawara a samu kwafin lissafin ƙungiya a hannun mutum biyu, a buga shi a takarda duk ƙarshen shekara, a kuma canja lambobin sirri duk lokacin da aka canja masu riƙe da muƙamai. Kuɗin da ke cikin wannan lissafi gumin mutane ne da suka ba mu don gyaran rijiya da rufin aji, kuma za su tambaye mu.