Furen Tukunya da Haƙƙin Karen Gida

 

Mas'alar da za mu duba yau, ko da yake wani zai ɗauke ta ƙarama, ta shafi haƙƙin dabba a kan mai ita, abin da malamanmu ba su taɓa sassautawa a kansa ba, tun da Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa domin ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Saboda haka wanda ya ajiye kare don farauta ko gadin dukiya, amana ce ya ɗauka, kuma ana tambayar mutum a kan amana.

Yanzu wasu masu hali suna sayo wani tsiro na ado da Turawa ke kira buromiliyad, suna ajiyewa a tukunya a barandar gida, har ana tambaya ko yana cutar da kare. Asalinsa ƙasashen Amurka masu zafi ne, ɗan'uwan abarba ne na jini, kuma cikin danginsa da suka haura iri 3,000, guda ɗaya tak ke fitowa da kansa a Afirka, a duwatsun ƙasar Gini. Amsa ita ce ba shi da dafi. Iyakar abin da za a gani, idan ɗan kwikwiyo ya tauna ganyen da yawa, shi ne amai ko gudawa na ɗan lokaci, ko ƙayar gefen ganyen ta yage masa leɓe. Amma a lura da ruwan da ke kwanciya a tsakiyar ganyayen kamar a cikin ƙoƙo, domin sauro na ƙyanƙyasa a ciki, in kuwa an zuba taki ko maganin ƙwari, kare mai ƙishirwa zai lashe su tare.

Abin da ya fi damuna, masu sauraro, namu ne na gida. Kariya, wadda ake dasawa a tukunya saboda kyan jan furenta da kaurin gindinta, ita ce wadda maharban da can suke haɗa dafin kibiya da ruwanta, kuma dafin nan zuciya yake kamawa, ta yadda karen da ya tauna reshenta zai yi ta dalalar da miyau yana amai, ƙarfinsa ya ƙare, bugun zuciyarsa ya rikice, wani lokaci har ya kai ga halaka. Haka nonon tumfafiya da na tinya suke ƙona baki da ido, 'ya'yan zurma da na cin-da-zugu kuwa ko yaro bai tsira daga sharrinsu ba.

Don Allah, mai kariya a gida ya ɗaga tukunyar inda kare da yaro ba sa kaiwa. In kuwa ƙaddara ta faɗa, kada a ɗura wa dabbar madara ko manja a zauna jira. A tsinki reshen abin da ta ci, a garzaya da su wurin likitan dabbobi nan take.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.