Littattafan Leƙen Asiri da Hukuncin Zuciya

Ƙarfin littafin leƙen asiri yana cikin hisabin da zuciya ke yi wa mai ita. John le Carré ya yi aiki a hukumomin asirin Birtaniya kafin ya fitar da The Spy Who Came in from the Cold a 1963. A cikinsa, jami'i Alec Leamas ya gano shugabanninsa sun yaudare shi don su kare wani azzalumin jami'in Jamus ta Gabas da ke yi musu aiki a ɓoye. Da aka harbe budurwarsa a Katangar Berlin, ya ƙi tsallakewa, ya koma ya mutu kusa da ita.

Wasu na cewa irin waɗannan littattafai suna ƙawata kisa, suna kafa hujja da The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, na 1971, inda ƙungiyar asiri ta OAS ta ɗauko makashi don ya halaka Shugaban Faransa De Gaulle. Gaskiya ne littafin ya bayyana dabarunsa dalla-dalla. Sai dai makashin, marar nadama, bai yi nasara ba, aka binne shi ba wanda ya san sunansa. Don haka a bar matasa su karanta, a kuma tattauna da su kan wanda ke ba da umarnin kisa.